Kangayen Ƙofar Marke: Haƙƙin Magada, Haƙƙin Maƙwabta da Nauyin Ƙaramar Hukuma

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa. Bayan haka:

Duk wanda ya shiga lungunan tsohon birnin Sakkwato ta wajen Ƙofar Marke a ƙarshen damina, ba zai yi nisa ba sai ya tarar da irin gidan da muke nufi. Zaurensa na nan tsaye, amma kwaɗon ƙofar ya yi tsatsa. Rufin soron ciki ya rufta, azara ta fito fili, tumfafiya ta tsiro a inda a da ake shimfiɗa tabarmar cin tuwo. Ta gefen da katanga ta zube kuwa, jama'a sun mai da wurin juji. Idan aka tambayi maƙwabta gidan wane ne, za su faɗi sunan mamacin da na mahaifinsa, su lissafa 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya: wannan ya yi gini a Arkilla, wancan yana Mabera, ɗaya yana aiki Kaduna, mata biyu suna gidajen aurensu, babbansu kuma ya rasu ya bar marayu. Masu gidan duk sanannu ne, sai dai babu ɗaya daga cikinsu da ya ɗauki nauyinsa.

Ra'ayinmu shi ne kangon da ke tsakiyar birni al'amari ne na jama'a, ko da yake mallakarsa ta wasu mutane ce, kuma hukumar da ya fi dacewa ta fara motsi a kansa ita ce ƙaramar hukuma. Amma motsin da muke nema yana da iyaka, domin dukiyar mutane ba abin wasa ba ce.

Birnin nan da gangan aka raya shi. Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato a 1809, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso daga Sifawa ya zauna a cikinta a 1815, ya rasu a 1817. Ƙofofin ganuwarta, irin su Ƙofar Marke da Ƙofar Rini da Ƙofar Kade da Ƙofar Taramniya da Ƙofar Atiku da Ƙofar Kware, har yau sunayensu ne sunayen unguwanni. Da Baturen nan Kilafaton ya zo a 1824, ya rubuta cewa bai ga gari mai yawan jama'a kamarta ba a duk inda ya ratsa a tsakiyar Afirka. A cikin Usulus Siyasa, littafin da Sarkin Musulmi Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya gina garuruwa da kula da kasuwanni da hanyoyi da zaunar da masu sana'a, kamar maƙera da marina da maɗinka da mahauta, a cikin ayyukan da suka hau kan shugaba. Malam Abdullahin Gwandu kuma ya keɓe littafi guda, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke mallakar matacciyar ƙasa. Ashe ke nan maganar raya gari da hukuncin wurin da aka bari ya mutu tsohuwar magana ce a wannan gari, kuma malamai ne suka fara ta.

Me ke mai da gida kango a tsohon birni? Dalili na farko, kuma mafi girma, shi ne gadon da ba a raba ba. Mu ɗauki misali. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza uku da mata huɗu. Idan aka kasa gidan kashi 80, matar tana da 10, kowane namiji yana da 14, kowace mace tana da 7. Lissafi ne da ɗalibin fara'ili zai warware a zama ɗaya. To amma sai kunya ta hana magana, a ce kada a ga kamar ana jiran mutuwar tsoho ne, ko a ce gidan gado ba a sayar da shi. Shekara goma ta wuce, uwar ta rasu, ɗaya daga cikin mazan ya bi ta ya bar mata biyu da 'ya'ya tara. Wata shekara goma ta sake wucewa, wasu biyu suka rasu. Yanzu mas'alar ta zama abin da malamai ke kira munasaha, wato gado a kan gado, masu haƙƙi sun ninka sau da dama, wasunsu ba su ma san juna ba. Wanda rabonsa bai kai faɗin tabarma ba, yaya za a yi ya sayi buhun siminti ya gyara katangar da ba tasa shi kaɗai ba?

Dalili na biyu shi ne ƙaura. Masu hali sun fita zuwa sababbin unguwanni inda mota ke shiga har ƙofar gida, suka bar gidan kakanni ga masu rauni a cikin dangi, ko ga babu kowa. Na uku shi ne yanayin ginin kansa. Ginin ƙasa yana daɗewa matuƙar ana yi masa yaɓe kafin damina, ana share indararo, ana toshe tsaga tun tana ƙarama. Idan aka yi masa sakaci damina biyu ko uku, ruwa ya sami hanya, sai abin ya fi ƙarfin gyara. Akwai kuma nau'i na huɗu, wanda ya fi yawa a bayan ganuwa: filaye da gine-ginen da aka kai linta aka tsaya, mai su ba ya cikin matsi, yana jira ne kawai ƙasa ta ƙara daraja.

Cutar kango ba ta tsayawa a kan masu shi. A tsohon birni gidaje a manne suke, sau da yawa katanga ɗaya ce tsakanin gida biyu. Ruwan da ya kwanta a kango shi ne ke jiƙa gindin katangar maƙwabci har ta faɗi a kan ɗakin da yara ke kwana. Sauro yana hayayyafa a wurin, macizai da kunamu suna samun maɓoya, ƙazantar jujin tana gangarowa kwata a lokacin da ake fargabar amai da gudawa. Da dare kuma ya zama matattarar masu shaye-shaye, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai wata cutar da ba a gani da ido: 'yar mamacin nan mai kashi 7 cikin 80, wadda wataƙila mijinta ya rasu, tana biyan kuɗin haya a ɗaki ɗaya alhali haƙƙinta yana narkewa a cikin ruwan sama. Allah Ya yanka wa mata rabonsu a Suratun Nisa'i, Ya bayyana cewa rabon nan wajibi ne ko dukiyar kaɗan ce ko mai yawa, Ya kuma yi kashedi mai tsanani game da dukiyar marayu. Wanda ya hana a raba gado har dukiyar ta lalace bai ci ta ba, amma ya hana mai ita ci, kuma wannan ma abin tambaya ne gobe Ƙiyama.

Sannan mu dubi halin da garin ke ciki. A ƙidayar 2006, ƙananan hukumomin Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu sun tashi da mutum sama da 427,000, kuma tun daga lokacin garin bai daina cika ba. A 'yan shekarun nan rashin tsaro ya koro dubban mutane daga yankunan Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, wasu daga cikinsu suna fakewa a gine-ginen da ba a kammala ba. Garin da bayin Allah ke kwana a ɗakin da ba ƙofa ba taga bai kamata ya bar gidaje suna rushewa a tsakiyarsa ba.

Wani zai ce ai hukuncin a fili yake, hadisi ya tabbatar cewa wanda ya raya matacciyar ƙasa shi ya fi cancanta da ita, don haka hukuma ta karɓe kangayen ta ba masu iya ginawa. A nan sai mu yi hattara. Matacciyar ƙasa a wurin malaman fiƙihu ita ce wadda ba ta da mai ita, ba a kuma keɓe ta ga amfanin kowa ba. Gidan da aka san magadansa bai shiga wannan babi ba, ko da ya zama tsibin ƙasa. Gaskiya ne Sayyidina Umar ya karɓe wani sashe na kwarin Aƙiƙ daga hannun Bilal ɗan Haris da ya kasa noma shi, an kuma ruwaito cewa ya ba wanda ya killace fili wa'adin shekara uku ya raya shi ko ya saki. Amma waɗannan filaye ne da hukuma ta bayar ko aka killace domin a raya su. Hujja ce mai ƙarfi a kan wanda gwamnati ta ba fuloti ya ajiye shi shekara ashirin yana jiran farashi, amma ba ta buɗe ƙofar ƙwace gidan marayu.

Abin da ya dace da kangon gado yana cikin wasu babobin, kuma mazhabar Malik da muke bi ta yi bayaninsu dalla-dalla. Na farko, ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda Imam Malik ya kawo hadisinta a Muwaɗɗa. A kanta aka gina hukuncin cewa mai katangar da ta karkata, idan aka gargaɗe shi bai gyara ba har ta faɗi ta yi ɓarna, zai biya. Na biyu, abokan tarayya a kan abin da ba ya rabuwa: idan ya lalace, wanda ya ƙi gyara ana hukunta masa ya gyara ko ya sayar da rabonsa, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halil. Na uku, idan gida ba zai rabu ba sai da asara, ɗaya daga cikin magada ya nemi a sayar, alƙali yana iya tilasta wa sauran a sayar a raba kuɗin. Na huɗu, shufu'a: magajin da ke son gidan ya zauna a hannun dangi yana da damar fansar rabon ɗan'uwansa idan an sayar wa bare. Na biyar, alƙali shi ne mai kula da dukiyar wanda ya yi nisa ko ya ɓata, da ta marayan da ba shi da wasiyyi. Wani magini masani a birnin Tunis, Ibnur Rami, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce na gini da maƙwabtaka a littafi guda tun ƙarni na 14. Shari'a ta tanadi magani tun tuni. Abin da ke faruwa shi ne maganar ba ta isa gaban alƙali, domin babu wanda ke son a ce shi ya kai 'yan'uwansa ƙara.

A nan ne aikin ƙaramar hukuma ya shigo. Ya kamata mu san abin da take da iko a kansa da abin da ba ta da shi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasar da ke cikin birane a ƙarƙashin gwamna, kuma shi ke da ikon soke haƙƙin mallaka saboda buƙatar jama'a, tare da biyan diyya. Don haka shugaban ƙaramar hukuma ba shi da hurumin karɓe gida a cikin birnin Sakkwato. Amma Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi raɗa wa tituna suna da sanya wa gidaje lamba, da kimanta gidaje domin harajin da majalisar dokokin jiha ta ƙayyade, da gina magudanan ruwa da hanyoyin cikin gari da kula da su, da kwashe shara, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Duk wanda ya duba wannan jeri zai ga kusan dukkan kayan aikin da ake buƙata suna ciki. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye. Aiwatar da hukuncin ya yi ta tafiyar hawainiya, amma yawancin abin da za mu ambata ba ya jiran kuɗi masu yawa.

Mataki na farko shi ne ƙidaya. Ƙaramar Hukumar Sakkwato ta Arewa, wadda mafi yawan tsohon birni ke ƙarƙashinta, ta zaɓi unguwa ɗaya ta fara da ita, kuma muna ba da shawarar Ƙofar Marke. Ma'aikatan lafiyar muhalli, magadan duba-garin zamanin En'e, su bi lungu-lungu tare da mai unguwa da limamin masallacin unguwa, a sanya wa kowane gida lamba, a rubuta wanda ba kowa a cikinsa, da halin da ginin ke ciki, da sunan wanda za a tuntuɓa a cikin dangi. Mai unguwa ya san abin da babu taswirar da za ta nuna.

Mataki na biyu shi ne sanarwa da kau da haɗari. A rubuta wa magada, a ba su wa'adi mai ma'ana su kwashe juji, su rushe katangar da ke barazana, su killace wurin. Idan wa'adi ya cika ba su yi ba, hukuma ta nemi izinin kotu ta yi aikin, a rubuta abin da aka kashe a matsayin bashi a kan gidan, a cire shi ranar da aka raba ko aka sayar. Ta haka maƙwabci ya tsira, talakan magaji kuma ba a matsa masa ya biya abin da ba shi da shi yau ba.

Mataki na uku shi ne zaman sulhu na rabon gado. Ƙaramar hukuma ta keɓe rana a kowane wata, ta gayyaci malaman fara'ili da wakilin fadar Sarkin Musulmi da ma'aikacin kotun Shari'a, a kira iyalan da gidajensu ke cikin rajista. Idan takardar gayyata ta fito daga hukuma, kunyar da ke hana ƙane yi wa wansa magana ta kau, domin ba wanda ya kai ƙarar wani. A tabbatar an ji ta bakin mata da kansu, an kuma tsayar wa marayu wakili. Abin da aka daidaita a kai shi gaban alƙali ya tabbatar, abin da ya gagara ya zama shari'a. Tun da rajistar mutuwa ma tana cikin ayyukan ƙaramar hukuma, babu laifi duk lokacin da aka rubuta rasuwar magidanci a aika wa iyalansa takardar tunatarwa bayan an gama takaba.

Mataki na huɗu shi ne buɗe wa magada ƙofofi fiye da sayarwa. Mutane da yawa suna ƙin rabo ne don tsoron kada sunan mahaifinsu ya ɓace daga unguwa, kuma wannan tsoro ba abin raini ba ne. Jihar Sakkwato tana da Hukumar Zakka da Waƙafi. Iyalan da suka yarda za su iya mai da kangon waƙafi da sunan mamacin, a gina makarantar Islamiyya ko ƙaramin asibiti ko rijiyar burtsatse, ko ɗakunan haya masu sauƙi ga zawarawa da 'yan gudun hijira. Asalin waƙafi kansa shawarar da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ba Sayyidina Umar ce game da gonarsa ta Haibara, cewa ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin. Sharaɗi shi ne kowane baligi ya yarda da ransa, rabon maraya kuwa ba a kyauta da shi, sai dai a fanshe shi da cikakken farashi. Wata ƙofar ita ce a ba wani ya gyara gidan ya zauna na wasu shekaru a madadin abin da ya kashe, da rubutacciyar yarjejeniya da shaidu, mallaka tana nan ga masu ita.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan matsala ba. A Japan, binciken gwamnati na 2023 ya nuna gidaje kusan miliyan 9 babu kowa a cikinsu, wato kashi 13.8 cikin ɗari na gidajen ƙasar, kuma gadon da ba a yi wa rajista ba yana cikin manyan dalilai. Tun 2015 doka ta ba hukumomin garuruwa ikon gargaɗin mai gidan da ya zama haɗari, har su rushe shi su nemi kuɗin daga wurinsa, sannan daga Afrilun 2024 aka wajabta wa magaji yin rajistar abin da ya gada cikin shekara uku. A Ingila, dokar gidaje ta 2004 ta ba majalisun garuruwa damar karɓar ragamar gidan da ya daɗe a rufe, su gyara su ba da haya su mai da kuɗinsu, ba tare da mallakar ta bar hannun mai shi ba, kuma suna iya ƙara haraji a kan gidan da aka bari ba kowa. Duka ƙasashen biyu hukumar da ta fi kusa da jama'a suka ɗora wa aikin.

Akwai masu fargaba, kuma fargabarsu tana da tushe. Sun ce rajistar kangaye za ta iya zama jerin abin farauta ga masu mulki da dillalansu, a wayi gari gidan marayu ya zama shagunan wani. Sun ce haraji a kan kango zai faɗa ne a kan talaka. Shehu da kansa, a Kitabul Farƙi, ya lissafa ɗora wa mutane harajin zalunci da cin dukiyarsu cikin abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa a kai, don haka ba a Sakkwato za a raina wannan magana ba. Amsarmu ita ce a ɗaure aikin da sharuɗɗa tun daga farko. Rajistar ta zama a buɗe, kowa ya iya dubawa. Kada a sayar da ko taku ɗaya sai da hukuncin alƙali, a bainar jama'a, bayan an ba magada damar fansa. A haramta wa shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli da ma'aikatan da ke cikin aikin da iyalansu sayen duk gidan da ya shiga rajista. Ƙarin haraji kuwa a keɓe shi ga mai hali da ya ajiye fili ko gini yana jiran riba, bayan an sanar da shi an ba shi wa'adi. Kada kuma a fahimci raya gari da turo katafila. Lungunan tsohon birni da zaurukansa da gidajen malamai da ke kewaye da Hubbare tarihi ne da ba a sake gina shi idan ya tafi, don haka gidan da ke gyaruwa a gyara shi, a nemi maginan gargajiya da suka san aikin ƙasa da azara.

Mu ma jama'a muna da namu nauyin. Malamanmu su riƙa ambaton gaggauta rabon gado a huɗuba da wuraren ta'aziyya kamar yadda suke ambaton biyan bashin mamaci. Manyan 'ya'ya su sani riƙe makullin gida amana ce, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ya san yana da haƙƙi a wani kango ya kira 'yan'uwansa a zauna kafin damina mai zuwa. Masu zaɓe kuma, idan ɗan takarar kansila ya zo neman ƙuri'a, su tambaye shi gidaje nawa ne a rufe a mazaɓarsa, da abin da ya shirya yi a kansu.

Allah Ya gaya mana a Suratu Hud, ta bakin Annabi Salihu, cewa daga ƙasa Ya halicce mu kuma Ya zaunar da mu a cikinta domin mu raya ta. Magabatanmu sun raya wannan birni da hannuwansu suka bar mana shi a tsaye. Muna roƙon Allah Ya jiƙan su, Ya ba shugabanninmu ikon tsare amana, Ya ba magada ikon sauke haƙƙin juna tun suna raye. Allah ne Mafi sani.